Darasi Daga Paystack: Yadda Ake Zuba Jari a Sabon Kamfanin Fasaha, da Abin da Mai Kamfani Ke Bayarwa

A watan Oktoban 2020, kamfanin Stripe na Amurka ya sayi kamfanin Paystack na Legas a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. A lokacin Paystack yana da shekara biyar da kafuwa. Tun daga nan matasa da dama masu ƙirƙirar manhaja suka ɗauka cewa hanyar arziki ita ce a haɗa manhaja, a nemo Bature ya zuba daloli. Sai dai kuɗin da ake zubawa a irin waɗannan kamfanoni ba kyauta ba ne, kuma ba bashi ba ne. Ciniki ne: mai kamfani yana sayar da wani yanki na abin da ya gina. Wanda bai san lissafin wannan ciniki ba zai iya wayar gari ya zama ɗan aiki a kamfanin da shi ya kafa.

Matsalar da Paystack ya magance

Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka yi karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Babcock, su ne suka kafa Paystack a 2015. A wancan lokacin, ɗan kasuwar da ke son karɓar kuɗi da katin banki a shafinsa na intanet sai ya yi ta cike takardu, ya jira makonni, sannan ya biya kuɗin rajista mai tsada. Paystack ya taƙaita wannan wahala. Mai shafi zai yi rajista, ya saka 'yan layukan umarni a shafinsa, ya fara karɓar kuɗi. Shi kuma kamfanin yana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a kan ciniki na cikin gida, kuma abin da zai cira ba ya wuce naira 2,000.

A nan darasi na farko yake. Abin da ya jawo masu zuba jari shi ne matsala ce ta gaske da dubban 'yan kasuwa ke fama da ita, kuma hanyar samun kuɗin shiga a fili take: duk lokacin da aka yi ciniki, kamfani ya samu nasa. Manhaja guda ce za ta yi wa ɗan kasuwa ɗari aiki, ita ce kuma za ta yi wa dubu sittin, ba tare da an gina sabon shago a kowane gari ba. Wannan shi ne bambancin sabon kamfanin fasaha da shagon sayar da waya, wanda duk sabon reshe sai an kama haya an zuba sabon kaya.

Matakan da kuɗin ke bi

Jari ba ya zuwa a dunƙule. Zagaye-zagaye ake karɓarsa, kuma kowane zagaye yana da abin da ake son kamfani ya nuna kafin a ba shi.

Matakin farko shi ne aljihun masu kamfani, da gudummawar 'yan uwa da abokai, da ɗaiɗaikun masu hali da ke yarda su saka kuɗi tun abu yana tunani. Daga nan sai cibiyoyin renon kamfanoni. A farkon 2016 Paystack ya zama kamfanin Najeriya na farko da ya shiga shirin Y Combinator da ke jihar Kalifoniya. Ƙa'idar cibiyar a lokacin ita ce ta ba da dala 120,000 ta karɓi kashi 7 cikin 100 na kamfani. Idan aka buga lissafi, an ƙiyasta darajar kamfanin kenan a kan kimanin dala miliyan 1.7.

Mataki na gaba shi ne kuɗin iri, wato jarin da ake shukawa don a ga ko kasuwa za ta karɓi abin da aka ƙirƙira. A ƙarshen 2016 Paystack ya samu dala miliyan 1.3 daga masu zuba jari da suka haɗa da Tencent na ƙasar Sin da Comcast Ventures na Amurka. Bayan kamfani ya nuna yana da abokan ciniki kuma suna ƙaruwa, sai a shiga zagayen A, daga nan B, C, har gaba. A watan Agustan 2018 Paystack ya karɓi dala miliyan 8 a zagayen A, Stripe ne ya jagoranci zagayen, Visa ma ya shiga. Shekara biyu bayan haka Stripe ya saye shi gaba ɗaya, lokacin da 'yan kasuwa fiye da 60,000 ke amfani da shi.

Lissafin da ya kamata kowa ya iya

Ga misali da alƙaluman da aka ƙirƙira don sauƙaƙa fahimta. Abokai biyu sun kafa kamfani, su ke da shi ɗari bisa ɗari. Mai zuba jari ya zo da naira miliyan 20, aka yi ciniki aka daidaita cewa darajar kamfanin kafin kuɗinsa su shiga naira miliyan 80 ce. Bayan shigar kuɗin darajar ta zama miliyan 100. Kasonsa shi ne 20 cikin 100, abokan nan kuma sun koma 80.

Bayan shekara biyu harka ta bunƙasa. Wani ya kawo miliyan 100 a kan darajar miliyan 400, jimilla miliyan 500. Shi ma ya ɗauki kashi 20. Kowa sai kasonsa ya ragu: abokan sun sauko daga 80 zuwa 64, mai jarin farko daga 20 zuwa 16. Duk da haka kashi 64 na miliyan 500 ya kai miliyan 320, wanda ya ninka miliyan 80 ɗin da suke da shi a baya sau huɗu. Don haka raguwar kaso ba asara ba ce, matuƙar darajar kamfani tana hawa fiye da yadda kason ke sauka.

Amma wannan miliyan 320 a takarda take. Ba za a iya zuwa kasuwa da ita ba sai ranar da aka sayar da kamfanin ko aka kai hannun jarinsa kasuwar hada-hada. A ranar ne kuma wani sharaɗi da ake yawan sakawa a yarjejeniya ke fitowa fili: masu zuba jari su ne za su fara kwashe abin da suka saka kafin masu kamfani su taɓa ko kwabo. A ce kasuwa ta juya, aka sayar da kamfanin nan a kan miliyan 150. Masu jari za su cire miliyan 120 ɗinsu, abokan su raba miliyan 30, alhali kashi 64 na kuɗin miliyan 96 ne. Idan cinikin bai kai miliyan 120 ba, za su tashi hannu rabbana.

Me mai zuba jarin yake nema?

Tsarin yana kama da abin da aka sani a kasuwanninmu, inda ubangida ke ba yaronsa jari a yi kasuwanci a raba riba, idan an faɗi kuma a faɗi tare. Babu kuɗin ruwa da ake biya duk wata. Bambancin shi ne shi wannan ubangidan ba ribar ƙarshen shekara yake jira ba. Galibin kamfanonin zuba jarin kasada kuɗin wasu suke juyawa, kamar asusun fansho da attajirai da hukumomin raya ƙasa, kuma yawanci wa'adin shekara goma ake ba su su dawo da kuɗin da riba. Sun san cewa mafi yawan kamfanonin da suka saka wa kuɗi za su mutu ko su tsaya cik, don haka suna neman guda ɗaya ko biyu da za su ninka kuɗin sau da yawa su cike giɓin sauran.

Shi ya sa suke matsa wa kamfani ya girma da gaggawa. Kamfanin da ke samun riba daidai gwargwado, yana ciyar da ma'aikata goma cikin rufin asiri, kasuwanci ne mai kyau, amma ba shi suke nema ba. Mai irin wannan kamfani da ya karɓi kuɗinsu ya ɗauko wa kansa dala ba gammo.

Lokacin yalwa da lokacin fari

Shekarar 2021 ita ce kakar masu kamfanonin fasaha a Afirka. A cikinta Flutterwave da OPay da Andela da kuma Wave na ƙasar Senegal duk suka haura darajar dala biliyan 1. Mafi yawan kuɗin ƙasashe huɗu suka kwashe: Najeriya, Kenya, Masar da Afirka ta Kudu, kuma harkar hada-hadar kuɗi ta fi kowace samu. Daga watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, masu kuɗi suka ga za su samu riba a gida ba tare da kasada ba, sai rijiyar ta fara ƙafewa.

Kamfanin 54gene, wanda aka kafa a 2019 don tattara bayanan ƙwayoyin halittar 'yan Afirka saboda binciken magunguna, ya tara kimanin dala miliyan 45. A 2022 darajarsa ta faɗi warwas, a 2023 kuma ya fara naɗe tabarmarsa. Yawan kuɗin da aka tara ba ya hana kamfani mutuwa idan abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa.

Akwai kuma matsalar canji. A tsakiyar 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Kamfanin da ya karɓi jari da dala amma yake ciniki da naira, ko da kuɗin shigarsa ya ninka biyu, a idon mai jarinsa baya ya ci.

Abin dubawa kafin a sa hannu

Na farko, a san wata nawa kuɗin zai kai. Idan akwai miliyan 60 a asusu, kuma duk wata abin da ke fita ya ɗara abin da ke shigowa da miliyan 5, saura wata 12. Neman sabon jari kan ɗauki watanni, kuma wanda ya je nema aljihunsa babu komai, duk farashin da aka yanka masa shi zai karɓa.

Na biyu, abokan kafa kamfani su rubuta yarjejeniya tun ana ga-maciji. Abin da aka saba shi ne kason kowa ya riƙa tabbata a hankali cikin shekara huɗu, wanda ya tafi kafin cikar shekarar farko ba shi da komai. Wannan yana hana wani ya yi wata shida ya tafi da rabin kamfani.

Na uku, a karanta takardar da ake kira SAFE da kyau. Y Combinator ne ya fito da ita a 2013. Ana karɓar kuɗi yanzu, a ɗage yanke kaso sai zagaye na gaba. Tana da sauƙin sa hannu, shi ya sa wasu ke raba ta ga mutane da yawa, sai ranar lissafi su tarar sun sayar da fiye da abin da suka zata.

Na huɗu, a duba wa zai zauna a hukumar daraktoci. Ita ce ke da ikon naɗa shugaban kamfani da sauke shi, ko da shi ya kafa kamfanin.

Na biyar, a san inda kamfani ke da rajista. Masu jarin waje da dama suna sharɗanta a yi wa uwar kamfani rajista a jihar Delaware ta Amurka, na gida ya zama reshe. A Najeriya kuma akwai dokar sabbin kamfanonin fasaha da aka sa wa hannu a watan Oktoban 2022, wadda hukumar NITDA ke kula da aiwatar da ita. Kamfanin da ke da rajista da CAC, bai wuce shekara goma ba, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa na 'yan ƙasa ne da suka kafa shi, zai iya neman shaidar da ke buɗe masa ƙofar rangwamen haraji da sauran tallafi.

Duk waɗannan takardu suna buƙatar lauyan da ya san harkar, kuma kuɗin lauya bai kai asarar sa hannu a kan abin da ba a fahimta ba. Ga wanda ke da manhaja a hannu yau, aikin da ke gabansa shi ne ya samo mutum goma na farko da za su biya kuɗi don amfani da ita, ya kuma riƙa rubuta abin da ke shiga da abin da ke fita duk wata. Waɗannan alƙaluma su ne abu na farko da mai zuba jari zai nemi gani, kuma su ne za su yanke yawan kason da zai nema.