Sabbin Magungunan Kansar Ƙwaƙwalwa: Kafin A Sayar Da Gona

Tambayar da iyalan masu kansar ƙwaƙwalwa suka fi yi mini ita ce: "Likita, mun ji an fito da sabon magani a Amurka, ko mu sayar da gona mu nemo shi?" Amsata kullum ɗaya ce. Kada a ɗaga ko akuya sai an san ainihin irin ƙarin da ke kan mara lafiya, domin cutar ba iri ɗaya ba ce.

Mafi tsanani a jikin manya ita ce glioblastoma. Yadda ake maganinta a yau ya samo asali ne daga binciken da Dakta Roger Stupp ya jagoranta, aka wallafa a 2005: tiyata, sai gashi da na'ura na mako shida tare da ƙwayar temozolomide, sannan a ci gaba da ƙwayar na tsawon wata shida. Matsakaicin abin da marasa lafiya suka rayu ya tashi daga wata 12.1 zuwa 14.6. Wata biyu da rabi ke nan, kuma tun daga lokacin babu ƙwayar da ta ture wannan tsari.

Ba sakacin masana ba ne. Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa shinge a bangon jijiyoyin jininta, kamar maigadin da ba ya barin baƙo ya wuce zaure. Yana tare guba, yana kuma tare yawancin magunguna. Ga shi ƙarin ba dunƙule yake wuri guda ba. Yana sako jijiyoyi cikin lafiyayyen nama, inda wuƙar likita ba ta isa ba tare da ta taɓa magana ko tafiya ba. Bevacizumab, da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2009, yana rage kumburi amma bai ƙara tsawon rai ba. Nivolumab, wanda ya yi abin mamaki a kansar fata, nan bai yi tasiri ba.

Duk da haka akwai ci gaba na gaske. A watan Agustan 2024 FDA ta amince da vorasidenib. A gwajinsa, cutar ta yi wata 27.7 ba ta ci gaba ba, alhali masu shan ƙwayar da babu magani a cikinta wata 11.1 suka samu. Sai dai an yi shi ne don ƙari mai mataki na biyu da ke ɗauke da sauyin ƙwayar halitta mai suna IDH. Mai glioblastoma ba zai amfana da shi ba, ko nawa aka kashe. Wannan ne abin da dillalan intanet ba sa faɗa, kuma yana ci mini rai.

To, me za a yi? Babban mutum da ya fara farfaɗiya bai taɓa yi ba, ko ciwon kai mai tsananta da asuba tare da amai, ko mutuwar ɓarin jiki a hankali, ko sauyin hali har a ce iska ce, a kai shi hoton MRI ko CT, ana addu'a ana tafiya. Asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato suna da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa.

In an yi tiyata, ku tabbatar an kai naman ɗakin gwaji. Ku tambayi matakin ƙarin, ku tambayi ko za a iya duba IDH da MGMT. Na biyun shi ke nuna yadda temozolomide zai kama. Ku adana takardar sakamako da faifan hotuna, ku kuma san inda aka ajiye naman, don duk likitan da za ku nemi shawararsa a waje su zai fara nema.

Ku kuma kula da magungunan da likita zai bayar: dexamethasone yana sauke kumburi har mutum ya farfaɗo kamar ya warke, amma yana tayar da suga, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Maganin farfaɗiya ma ba a tsallake shi, ko da kwana guda. In likita ya ce tiyata ba za ta yiwu ba, ku nemi a haɗa ku da masu kula da rage raɗaɗi tun da wuri, kada a jira sai ciwo ya hana barci.