Diyyar Rauni Hakkin Mai Rauni Ce

A shekarar 1985 aka fara ba mutanen Tsibirin Gobir, cikin gundumar Gidan Rumji a Nijar, ruwan wata sabuwar rijiyar burtsatse. Ruwan garau yake a ido, amma sinadarin fulor da ke cikinsa ya zarce miligiram 1.5 a kowace lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke, nesa ba kusa ba. Dubban yara suka tashi da haƙora masu tsatsa, waɗansu ƙafafunsu suka gwame, waɗansu ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Sai da ƙungiyar kare hakkin ɗan Adam ta ƙasa, ANDDH, ta tsaya wa iyaye ta kai kamfanin ruwa na gwamnati, SNE, ƙara, takwararta ta duniya FIDH kuma ta fitar da rahoto a 2002, sannan aka daina ɗaukar abin a matsayin ƙaddara kawai, ya zama maganar hakki. Shari'ar ta ja shekaru, domin haɗa hujja bayan ɓarna ta daɗe aiki ne ja wur.

Mutanenmu sun saba idan abu ya faru a ce "Allah ya kiyaye gaba", a yi wa juna jaje, a watse. Haƙuri halin kirki ne, amma bai soke hakki ba. Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta wajabta diyya ko da kisan kuskure ne. Dokar ƙasa ma haka: sashe na 1382 da na 1383 na kundin dokokin zaman jama'a sun ɗora wa duk wanda ya cuci wani, da gangan ko da sakaci, nauyin gyara ɓarnarsa. Ubangida yana ɗaukar laifin yaronsa na aiki, mai dabba yana ɗaukar ɓarnar dabbarsa.

Inda abin ya fi shafar mutanen yankin Maraɗi shi ne bisa kwalta. Babbar hanya mai lamba ɗaya ta ratsa Gidan Rumji, Cadawa, Agiye da Gazawa kafin ta miƙe Tasawa da Damagaram, ga manyan motoci, ga ƴan kabu-kabu, ga amalanke, musamman ranar kasuwa. Dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita tun 1995, ta tilasta wa kowane mai mota ko babur ya yanki asirans, wato inshora, domin kamfanin ya biya wanda aka buge.

To, ƙaƙa mai rauni zai bi hakkinsa? Da farko a kira jandarma ko ƴan sanda su yi konsta, wato rahoton yadda haɗarin ya auku, kafin a gusar da mota, a kuma riƙe lambarta da sunayen shaidu. Na biyu, a je asibiti a ranar, likita ya rubuta takardar shaidar rauni, ko da daga baya za a koma wurin maɗori. Na uku, a adana kowace takardar magani, ta hoton ƙashi da ta kuɗin gado. Diyya ta haɗa kuɗin jinya, kwanakin da aka rasa aiki, nakasar da ta zauna da azabar da aka sha. In an yi rasuwa, a biya magada. Manomi ko ɗan tireda da ba shi da takardar albashi, da mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa ake yi masa lissafi.

Sulhu gaban hakimi ko mai gari yana da daraja, amma kada a sa hannu a takardar yafewa tun rauni bai nuna iyakarsa ba. Wanda ya amince da tayin kamfani, sannan ya gano an saɓa doka, yana da kwana 15 ya janye. In an kasa daidaitawa, akwai kotu a Agiye da Gidan Rumji, da babbar kotun Maraɗi, inda hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011, ke taimaka wa marasa hali kyauta.

A kula, doka ta yanke shekara biyar daga ranar haɗarin mota don shigar da ƙara. Duk mai ɗan'uwa kwance sanadin gangancin wani, ya fara tattara takardunsa tun yau.