Kalmomin Ingilishi Masu Farawa da "ca-" a Bakin Manoman Arewacin Kano

Wannan ɗan nazari ya dubi kalmomi huɗu na Ingilishi masu farawa da "ca-", waɗanda manoman Dambatta da Bichi suka mayar nasu.

1. Kanti, daga canteen. A Ingilishi wurin cin abinci ne na sojoji ko ma'aikata. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a kantunan Turawa manomi ke sayar da gyaɗa ya sayi atamfa, sai ma'anar ta tsaya a kan shago.

2. Kafinta, daga carpenter. Harafin p ya koma f. Kafinta na aikin katako da ƙusa, amma turmi da ƙotar fartanya aikin masassaƙi ne.

3. Karas, daga carrots. Jam'i aka aro, shi ya sa ko ƙwaya ɗaya karas ake ce masa.

4. Kabeji, daga cabbage. An ƙara wasali a ƙarshe, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa.

Sai dai ɗalibi ya yi hattara, kama da wane ba ta wane. Karatu da katifa daga Larabci suke.