Yadda Ake Haɗa Kundin Hotunan Gida da Kwali da Ƙaro

Bara da damina muka buɗe akwatin ƙarfen Goggo a gidanmu na Potiskum, muna neman wata takardar fili. Takarda dai ba ta samu ba, sai tsofaffin hotuna cikin ambulan, gara ta cinye gefen rabinsu. A ciki har da wani dattijo sanye da babbar riga, ya dafa kekensa. Na ce, "Goggo, wannan fa wane ne?" Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ke 'yar nan, da babanki kika tambaya yana da rai. Ni dai na san daga Fika yake zuwa mana." Tun ranar na fara haɗa kundi. Kundi nake ce masa saboda aikinsa ɗaya da na malamai: wurin tara abin da ba a so ya ɓata.

Kafin ki sayi komai, ki kwashi hotunan ki je wurin tsofaffin gida da fensir a hannu. Duk abin da suka faɗa ki rubuta a bayan hoton, a hankali, ba da dannawa ba. Kada ki taɓa biro, domin tawadarsa takan huda ta fito a fuska. Idan shekara ta shige musu, ki duba hatimin mai hoto. In an buga Jihar Arewa maso Gabas, hoton na tsakanin 1967 da 1976 ne. In Borno ce, to bayan nan ne, kafin a yanke Yobe a watan Agustan 1991. Na cikin waya kuma ki zaɓi kaɗan a wanko miki, tun kafin wayar ta faɗa ruwa.

Kayan aikin ba su da yawa: kwali mai ɗan kauri daga masu sayar da littattafai, rula, almakashi, sabuwar reza, basilla, kirtani, ƙyallayen atamfa daga wurin tela, sai ƙaro.

Ƙaron nan shi ne arzikin da muke da shi a ƙofar gida. Yobe na cikin jihohin da suka fi samar da shi, kuma shi malamai ke zubawa a tawada don ta kama allo da takarda. Ki nemi na dakwara, mai haske, wanda ba shi da ɓawon itace a jiki. Ki daka, ki zuba cokali ɗaya a kwalba da ruwan ɗumi cokali biyu, ki bar shi ya kwana. Da safe ki tace da farin tsumma. Idan kika ɗiga a yatsa kika haɗa da ɗan'uwansa, ya kamata ki ji yana ja in za ki raba su. Ki jefa kanumfari biyu ko uku, yana rage saurin tsami. Kaɗan-kaɗan ake haɗawa, don a zafin bazara kwana kaɗan yake yi ya lalace.

Sai yankan shafuka. Ni nakan yi santimita 25 a faɗi, 30 a tsawo, wanda ke ɗaukar hoto biyu masu 10 da 15 har da wurin rubutu. Kafin ki sa reza, ki ɗan lanƙwasa kwalin ta tsaye, sannan ta kwance. Za ki ji ta wani ɓangaren ya fi laushi. Ki yanka yadda ninkin shafi zai bi wannan laushin, in ba haka ba kundin zai riƙa turjewa wajen buɗewa. A gefen da za a ɗaure ki bar santimita 3, ki ɗora rula ki ja layi da bayan wuƙa, ki ninke. In da boko za ki yi rubutu, maɗaurin a hagu. In da ajami, a dama.

Yanzu ga wurin da aka fi yin ɓarna. Kada gam ya taɓa hoto, ko ƙaro, balle salatif, wanda ke rikiɗewa ya koma ruwan ɗorawa ya bar tabon da ba ya fita. Aljihu ake yi wa kowace kusurwa. Ki yanki 'yar takarda mai santimita 2 da 4, ki ninko kusurwoyinta biyu na sama su haɗu a tsakiyar ƙasa, ta zama mai kusurwa uku. Ki yi guda huɗu, ki zura su a kusurwoyin hoton, ɓangaren da ke da tsaga yana baya. Nan za ki shafa ƙaro da tsinke, ki ɗora a shafi, ki danne. Ranar da wani ɗan'uwa ya zo neman kwafi, sai a zare hoton a mayar, rubutun bayansa yana nan.

Ado kuwa ba sai kin je nesa ba. Ki dubi allon zayyana na mai sauka, ko alamomin sumuni da rubu'i da hizifi a Alƙur'anin rubutun hannu irin na Borno: layuka ne da akwatuna da da'ira, an maimaita su cikin natsuwa. Ki ja layi biyu kewaye da shafin, tazarar santimita ɗaya, ki raba tsakaninsu ƙananan akwatuna, ki tsaga kowanne da layin karkace, ki cike rabi da ja ko kore, ki bar rabi. Launi uku ya isa. Ayoyi dai ni ban sa su a shafin hoto, tunda hannun yara zai yi ta kai-kawo a kai.

A shafin biki nakan manna ɗan yankin ankon da aka yi, da katin gayyata. Ƙyalle ya fi ƙarfin ƙaro, sai farin gam irin na kafintoci, a shafa shi siriri. A shafin hawan sallar Sarkin Fika kuma ban ƙara komai sai gefe, don dawakan da kwalliyarsu sun cika ido. Kowane hoto ki rubuta a ƙarƙashinsa suna har da na uba, da wuri, da shekara, da dalilin taron. "Inna" kawai ba ta isa ba. Jikokinki innarsu daban ce.

Duk shafin da kika gama ki sa shi tsakanin fararen takardu, ki ɗora masa katako da abu mai nauyi ya kwana. Da hunturu wannan dole ne, iska na busar da ƙaro nan take, shafi ya kanannaɗe.

Bango kwalin katan ne guda biyu, a lulluɓe da atamfa. Tsakanin kowane shafi da na bayansa, a wajen maɗauri, ki sa siririn kwali mai faɗin santimita 3, don kada kundin ya yi baki buɗe idan hotuna sun cika shi. Ki huda rami uku da basilla, ki zura kirtani ko tsirkiyar fata daga wurin dukawa, ki yi ɗaurin zarge yadda za a kwance a ƙara shafi. Ajiya a sama, nesa da bango da ƙasa, tare da busasshen ganyen darbejiya a ƙulle cikin tsumma. Bayan damina ki fito da shi ya sha iska a inuwa.

Dattijon mai keke shi na ba shafin farko. A ƙarƙashinsa na rubuta abin da Goggo ta faɗa da ranar da ta faɗa, na ja layi na bar wurin suna. Duk baƙon da ya zo mana daga Fika sai na ɗauko kundin na buɗe masa.