Kafin Ku Shiga Farautar Sirrin Tsofaffin Wasannin Bidiyo

'Yan uwa masu farautar alamomin ɓoye a intanet, gaggawa ce ta fi kayar da mutane. Da an ga hoton da aka fitar a gasar farauta sai a yi ta cankar amsa har a gaji. Masu shirya irin wannan gasa kan gina ta ne a kan tarihin wasannin, don haka ku fara daga can.

Ku san tsofaffin sirrika. A wasan Adventure na Atari 2600, Warren Robinett ya ɓoye sunansa a wani ɗaki na sirri. Lambar Konami kuwa, wato sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, ta fara ne a Gradius na 1986. Irinsu na yawan dawowa a gasar.

Ku rubuta duk abin da kuka gani: makin da ke saman allo, jerin launuka, har sunan fayil ɗin hoton. Lambobi daga 1 zuwa 26 sukan tsaya a madadin haruffa, 1 ya zama A.

Hattara kuma: kada ku sauke manhajar da ba ku san asalinta ba, kada ku ba kowa kalmar sirrinku. Gasar gaskiya ba ta neman wannan.

In kun maƙale, ku huta, ku nuna wa aboki.