Yadda Ake Sa Bishiyar Fiya Ta Samu Barbara Ta Yi 'Ya'ya

Babbar bishiyar fiya, wadda wasu ke kira avokado, tana iya fitar da furanni kusan miliyan guda a shekara, amma waɗanda ke zama 'ya'ya ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Shi ya sa mai lambu a Jos ko a tsaunin Mambila kan ga bishiyarsa ta cika maƙil da fure, bayan 'yan makonni duk ya kakkaɓe. Sau da yawa laifin ba na taki ba ne, barbara ce ba ta samu ba.

Matakin farko shi ne manomi ya san halin furen. Fiya ba ta da bishiya namiji da mace kamar dabino. Kowane fure yana ɗauke da sassan biyu, sai dai ba sa aiki lokaci guda. Furen yana buɗewa sau biyu: a karon farko mace ne, yana jiran garin fure na 'yan sa'o'i, sannan ya rufe. Washegari ya sake buɗewa a matsayin namiji, ya saki garinsa, ya rufe ke nan har abada. Wani masanin tsirrai ɗan Amurka, A. B. Stout, shi ne ya raba fiya gida biyu bisa wannan hali a shekarun 1920. Rukunin A na buɗewa mace da safe, sai washegari da rana ya dawo namiji. Rukunin B kuwa mace ne da rana, namiji washegari da safe. Ke nan duk safiya, lokacin da A ke jira, B na sakin gari. Da rana kuma su sauya.

Daga nan sai a gano rukunin bishiyar da ke lambu. In dashen aure ne mai suna, aikin ya yi sauƙi: Hass, Reed da Pinkerton 'yan A ne, Fuerte, Ettinger, Bacon da Zutano kuma 'yan B. Wadda aka shuka daga ƙwallo ba ta da suna, don haka sai a leƙa furen da hantsi. In tsinken tsakiya na tsaye shi kaɗai, kansa fari, sauran zaruruwan sun kwanta, furen mace ne. In zaruruwan sun miƙe sun kewaye shi, namiji ne. Bishiyar da ke mace da hantsi, ta rukunin A ce. A yi wannan dubawa a rana mai ɗumi, domin sanyi na rikita jadawalin: idan zafin rana ya gaza digiri 21 ko dare ya yi sanyi sosai, furanni kan makara wajen buɗewa, har mace da namiji su haɗu a bishiya ɗaya. Wannan ne ma dalilin da ya sa fiya tilo a tsakar gida takan yi 'ya'ya, ko da ba su da yawa.

Sai dashe. Ba dole ne a raba gona biyu daidai ba. Manoma da yawa kan sa bishiyar B guda cikin kowace goma ta Hass, a warwatse a tsakiyar layuka, domin amfanin yana raguwa da nisa. A Isra'ila Ettinger ake haɗa wa Hass, a yankin Murang'a na Kenya kuwa Hass da Fuerte ne suka fi yawa a gonaki. Abin lura shi ne su riƙa fure a lokaci guda. Wanda fili ya yi masa kaɗan, yana iya aura reshen B a jikin bishiyar A.

Duk wannan shiri banza ne in babu mai ɗaukar garin, don yana da nauyi da danƙo, iska ba ta kai shi nesa. A Meziko, asalin fiya, ƙananan ƙudan zuma marasa harbi da ƙudaje da rina ne ke aikin. A sauran wurare ƙudan zuma ake dogaro da shi, shi kuwa ba ya son furen fiya sosai. In lemo na fure a kusa, can zai nufa. Saboda haka a kawo amya cikin gonar da zarar fure ya fara buɗewa, aƙalla biyu zuwa huɗu a hekta, a ajiye musu ruwa, a kuma dakatar da feshin maganin ƙwari har fure ya ƙare.

Mai bishiya ɗaya ko biyu yana iya yi da hannu: ya shafo gari daga fure namiji da ɗan burushi mai laushi, ya ɗora a kan farin tsinken mace nan take.

Bayan barbara, kada ƙasa ta bushe, kada kuma ruwa ya kwanta a gindi. Ƙananan 'ya'ya da yawa za su zube a makonnin farko, kuma wannan ba ciwo ba ne, bishiyar ce ke rage abin da ba za ta iya riƙewa ba. Dashen aure yakan fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu, na ƙwallo kuwa yana iya kai shekara goma ko fiye.