Darasi: Baƙaƙe Huɗu Masu Ceton Rai

Ƴan uwa ɗaliban karatun manya, darasinmu na yau a kan kalma guda ne, mai baƙaƙe huɗu: S, T, O, P. Idan aka haɗa su sai a samu STOP, ana faɗin ta "sitop". Kalmar Turancin Ingilishi ce, amma muna gamuwa da ita a hanyoyinmu da injunanmu da takardun magani. Ma'anarta uku ce: tsaya, daina, toshe.

1. A kan hanya: tsaya

Allon STOP ja ne, baƙaƙensa farare, kusurwoyinsa takwas. An fara kafa shi a Amurka a shekarar 1915, kuma yarjejeniyar alamomin hanya da aka yi a birnin Viyana a 1968 ta amince da shi. Ko a Faransa ma STOP ake rubutawa, haka nan a nan Nijar.

Umurninsa shi ne a tsaya cik, ko da ba a hango mota ba. Rage gudu bai isa ba. A dubi hagu, a dubi dama, a bari na kan babbar hanya su wuce, sa'an nan a shiga. Allon bai ware kowa ba: da mai mota, da mai babur, da mai keke, da mai amalanke, duk da su yake magana.

Ga dalili. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin sakan guda. Kafin direba ya taka birki, ta riga ta yi nisa, balle kamyo mai ɗauke da kaya. Mai amalanken da ya fito daga gona ya hau gudron Maraɗi zuwa Damagaram ba tare da tsayawa ba, ya sa ransa da na dabbarsa cikin haɗari.

2. A jikin inji: kashe

Injin ban ruwa da injin niƙa da janareta, da yawansu suna da wurin da aka rubuta STOP, sau da yawa da jan launi. Nan ake kashe inji. Mu san wurin tun kafin mu tada shi, mu kuma nuna wa duk mai taya mu aiki. Kada a zuba mai, kada a taɓa bel, sai inji ya tsaya. Mata su tattare mayafi idan sun kusanci injin niƙa, don bel na iya fizgar tufa.

3. A takardar magani: daina

Kaya masu rubutun Ingilishi suna shigo mana daga Najeriya ta Ɗan Isa da Magarya da Birnin Ƙonni. A takardar magani, STOP na nufin a daina sha. Amma mu yi hattara: in an rubuta DO NOT a gabanta, ma'anar ta juye, ta zama "kada a daina". Saboda haka kada mu yanke hukunci da kalma guda. Mu kai takardar wurin ma'aikacin lafiya ya karanta mana layin duka. Misali, maganin tarin fuka galibi ana shan sa wata shida. Wanda ya daina don ya ji sauƙi, cutar na iya dawo masa da ƙarfin da ya fi na da.

4. Asalinta: toshe

Tun farko kalmar na nufin toshe rami ko bakin tulu. Daga nan ne Turawa suka samo sunan marfin kwalba. Wannan ya tuna mana mu toshe kwalbar maganin ƙwari da kyau, mu ajiye ta nesa da yara da abinci.

Aikin gida

a) Rubuta STOP sau biyar a littafinka.
b) Kusurwa nawa ke ga allon STOP, kuma wane launi ne da shi?
c) Nemo kalmar a jikin wani inji a garinku, ka nuna wa mutum biyu da ba su iya karatu ba.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu, amin.